Ranar da Haladu Bai Je Kwarin Buba Ba

Duk manomin rani a fadamun Haɗejiya da injinsa ya taɓa ƙin tashi ya san Haladu mai gyaran injin ban-ruwa. Rumfarsa tana bayan kasuwa, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi ya ɗan riƙa ɗingishi saboda gwiwar da ta goce masa a filin ƙwallo. Mahaifinsa tabarmi yake sayarwa, ya so ɗan ya gaje shi, amma Haladu ya fi son ƙarfe da sukurudireba. Ya yi shekaru a gaban wani ubangida yana wanke kabireta har hannunsa ya faɗa, sannan ya kafa tasa rumfar, ya auri Shamsiyya 'yar unguwarsu.

Gwiwa ta hana shi buga ƙwallo, amma ba ta cire masa ita daga rai ba. Rediyonsa kullum tana rataye a jikin gungumen rumfa, in ana sharhin wasa kuwa, mai inji sai dai ya yi haƙuri.

Sana'ar ce ta haɗa shi da Ja'afar. Ja'afar mutumin Kwarin Buba ne, wani ƙauye a hayin kogi, wanda kakanninsa makiyaya ne da suka yada zango suka zauna. Yana noman shinkafa da damina, albasa da rani, ga 'yan shanu da ba su taka kara sun karya ba. Wata shekara injinsa ya tsaya ana tsakiyar ban-ruwa, ya zo ya ɗauki Haladu a bayan keke har gona. Da aka gama gyara, mahaifiyarsa Inna Zinariya ta rantse baƙo ba zai tafi da yunwa ba. Haladu ya sha fura da nono har ya kasa miƙewa. Da la'asar ta yi sanyi ya ga samarin ƙauyen sun fito busasshiyar fadama da wata ƙwallo mai faci kamar bargon mahaukaci, ba takalmi ko ɗaya a ƙafarsu. Ya tsaya kallo, ya manta da hanyar gida.

"Waɗannan yaran da wa suke karawa?" ya tambaya.

Ja'afar ya yi dariya. "Da junansu. Wa zai zo nan?"

A wancan lokacin, farkon shekarun dubu biyu, ƙwallon unguwanni ba ta da tsari. Unguwa ta gayyaci unguwa, a fara da gaisuwa a ƙare da jifa, don kowa alƙalin kansa ne. Haladu da Ja'afar suka yi ta tufka da warwara a rumfa duk ranar kasuwa, har suka jawo Malam Auta, wani malamin firamare mai usur da littafin dokokin wasa, wanda ba ya tsoron idon kowa. Su ukun nan ne suka kafa abin da aka kira Gasar Fadama. Ƙungiyoyin farko ba su da yawa. Akwai Taurarin Kasuwa, wato yaran unguwar Haladu, akwai wata daga wajen garin Malam Madori, da wata daga hanyar Miga, da 'yan tasha, sai Kwarin Buba.

Doka ɗaya Ja'afar ya kafe a kanta.

"In mun zo muku, ku zo mana," in ji shi. "Ba wai mu riƙa biyo ku birni kullum kamar masu kawo haraji ba. Tsofaffinmu ma suna da idon kallo."

Haladu ya buga ƙirji. "Gida da waje. Wanda ya ƙi zuwa an cinye shi. Ni na faɗa."

Haka aka fara, da turakun gora da igiya a maimakon sandar sama, ana zana layi da toka. 'Yan wasa su cika a-kori-kura, wasu su bi da kekuna. Wata rana awaki suka ratsa fili ana shirin bugun fenareti, wata rana ƙwallo ta fashe aka zauna jiran baduku. Amma ba a yi jifa ko sau ɗaya ba, don Malam Auta in ya busa ya busa. Mutane suka fara tambayar juna a kasuwa, "Wa da wa ranar Asabar?"

Yaran Kwarin Buba suka ba kowa mamaki. Ba sa gajiya, kuma ba sa riƙuwa, har 'yan birni suka laƙaba musu 'Yan Tarwaɗa. Suna da wani ɗan gaba, Yakubu, dogo siriri, wanda in ya ja ƙwallo sai ka ce da zare ya ɗaure ta a ƙafa. Da suka zo Haɗejiya sun riƙe Taurarin Kasuwa kunnen doki a gaban jama'arsu.

A nan ne Alhaji Tasi'u ya shigo. Dillalin shinkafa ne mai shaguna a bakin titi, mutum mai son a ambaci sunansa a lasifika. Ya ɗinka wa Taurari riguna, ya sayo kofi mai hannu biyu daga Kano, ya riƙa kiran Haladu "Ciyaman" a gaban mutane. Haladu, wanda bai taɓa zama a kujerar gaba a ko'ina ba, ya ji sunan ya zauna masa daram. Ya ɗinka sabon kaftani. Ya fara wanke hannu da omo kafin ya fita fili.

An so a gama gasar kafin ruwa ya sauka, amma azumi ya shigo, aka yi rasuwa a Malam Madori, mota ta lalace, har damina ta yi nisa. Wasa ɗaya ya rage. Taurari na gaba da maki ɗaya tak, kuma su ne za su je Kwarin Buba. Wanda ya ci, kofi nasa.

Sai kogi ya cika ya tumbatsa, ya shanye hanyar mota.

Ja'afar ya zo rumfa ranar kasuwa, fuskarsa cike da fara'a.

"Kada ruwan nan ya dame ka," ya ce. "Mun share sabon fili a kan tudu, ko danshi babu. Sarkin ruwa ya ba mu jirage, da matuƙan da suka san hanya. Ku dai ku iso mashigi ranar Asabar da hantsi, mu za mu ƙetare da ku. Bulama mai garinmu ma ya ce da shi za a yi kallo."

"Ko da iyo ne sai mun zo," in ji Haladu. Da gaske kuma yake a lokacin.

Kwana biyu kafin wasan Alhaji Tasi'u ya aiko a kira shi. Ya same shi a shago kan buhunan shinkafa, kofin yana kan tebur yana ƙyalli.

"Ciyaman, na gayyato baƙi daga Kano, har da mai hoto. Ranar Asabar a filin firamare za a ba da kofi."

"Alhaji, ai akwai sauran wasa. A Kwarin Buba."

"A ina?" Alhaji ya gyara hula. "Ni zan naɗe babbar riga in shiga kwale-kwale? Ko baƙina? Kai, ka yi tunani mana. Ka kwashi 'ya'yan mutane ka zuba a ruwan nan, in ɗaya ya nutse wa zai amsa? Ruwa ya ci hanya, hukuncin Allah ne. A rufe gasa da makin da ke ƙasa. Wa ke gaba?"

"Mu ne."

"To, ka gani."

Haladu ya san matuƙan jiragen nan kullum suna fito da mata da jarirai da buhuna, ba abin da ke faruwa. Ya san dokar da ya faɗa da bakinsa. Ya kuma san, can ƙasan zuciyarsa, cewa Yakubu a gidansu ba mai tare shi. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Ya dubi kofin, ya dubi Alhaji, ya ji bakinsa ya ce, "To, Alhaji. Yadda ka ce."

Da ya tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai ya kasa aikawa. A lokacin waya ba ta kai ƙauye ba, sai dai a ba mutum saƙo, kuma duk yadda ya jera maganar a ransa sai ya ji ba ta faɗuwa. Ya ce wa kansa gobe. Da Malam Auta ya tambaye shi, ya ce an yi magana da mutanen Kwari, sun ga uzurin ruwa sun yarda. Ranar Juma'a bayan masallaci wani dattijo daga Kwarin Buba ya biyo ta rumfa neman filogi. Haladu ya ba shi, suka gaisa, dattijon ya ce, "Sai mun gan ku gobe, yaranmu ko barci ba sa yi." Haladu ya sunkuyar da kai cikin akwatin kayan aiki kamar mai neman wani abu, ya ce, "Allah ya kai mu." Yana kallo mutumin ya hau keke ya tafi.

A gida Shamsiyya tana goge masa kaftani ta ce, "Malam, ka dai aika wa su Inna Zinariya ko? Kada su yi ta wahalar girki."

"Na aika," ya ce, bai dube ta ba.

Ranar Asabar bayan la'asar filin firamare ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika tana ta kiran sunan Alhaji Tasi'u da na Ciyaman Haladu. Taurari suka rabu gida biyu suka ɗan taɓa wasa don baƙi. Haladu yana kujerar gaba, amma duk wanda ya shigo ta ƙofar makaranta sai gabansa ya faɗi. Da aka zo ba da kofi, aka ce shi zai karɓa daga hannun Alhaji ya miƙa wa kyaftin. Ya miƙe, ya riƙe kofin da hannu biyu, mai hoto ya ce a matso.

A lokacin ne ya hango Ja'afar.

Yana tsaye a gefen rumfa shi da Yakubu da wani matuƙin jirgi mai filafili a kafaɗa. Wandunansu a jiƙe har cinya, ƙafafunsu duk taɓo. Jama'a suka dare musu. Ja'afar ya dubi rumfar, ya dubi kujerun, ya dubi abin da ke hannun Haladu. Sai ya yi sallama, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe lafiya. Tun hantsi muke mashigi. Da muka ga azahar ta wuce, Bulama ya ce ba lafiya ba, ko rasuwa aka yi, ko mota ta faɗi da yara. Shi ne ya ce mu zo mu dubo."

Mai lasifika ya kashe abinsa.

Malam Auta ya taso daga inda yake, usur a wuya. "Haladu, ba kai ka ce mini an yi magana da su sun yarda ba?"

Haladu ya ji kaftanin ya yi masa nauyi kamar an jiƙa shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya ja ta ya rufe. Kofin nan kuwa ya rasa inda zai ajiye shi, ga shi ba dama ya miƙa wa kowa.

Alhaji Tasi'u ya yi gyaran murya ya fara bayanin ruwa da hatsari da 'ya'yan mutane. Ja'afar ya saurare shi har ya gama, cikin ladabi.

"Gaskiya ne, Alhaji, ruwa ba abin wasa ba ne," ya ce. "Da dai an aiko mana." Ya juya ga Haladu. "Bari mu koma kafin magariba, a gaya musu kowa lafiya. Allah ya sanya alheri."

Yakubu kuwa ya tsaya yana duban rigunan Taurari har sai da Ja'afar ya ja hannunsa. Malam Auta ya bi bayansu, ya raka su har mashigi, bai dawo wajen taron ba. Aka ƙarasa biki a gurguje. Kyaftin ɗin Taurari ya karɓi kofin kamar wanda aka miƙa wa garwashi, ko ɗagawa bai yi ba.

Abin da ya faru a ƙauyen kuwa, a bakin wata mai sayar da bandar kifi Shamsiyya ta ji, ta kawo masa gida. Bulama ya yanka rago. Mata sun tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi tun safe, Inna Zinariya ce a kan tukwane. Mutanen rugage da ƙauyukan kewaye sun zo, wasu a jirgi wasu a ƙafa, tsofaffi sun shimfiɗa buzu a inuwa. Yaran sun wanke rigunansu sun jera a bakin fili. Da labari ya iso, aka rarraba abincin gida-gida, kowa ya watse ba hayaniya.

"Ka ce mini ka aika," in ji Shamsiyya. Ba ta ɗaga murya ba. "Da ka ce ka kasa, ai da ni na ba mai kifi saƙo. Matar nan ta ciyar da kai, Malam."

Ya kwana biyu bai fita rumfa ba. Da ya fita, ya sauke rediyon daga gungume ya kai gida. Ba wanda ya zage shi a kasuwa, kuma hakan ya fi masa ciwo. Sai dai in ya wuce majalisa hira ta ɗan tsaya, wani lokaci wani shaƙiyyi ya ce "Ciyaman" a bayansa, a yi ƙus-ƙus. Alhaji Tasi'u ya kai kofin shagonsa ya ɗora a kan kanta, shekara ta zagayo hankalinsa ya koma siyasa, bai ƙara bi ta kan ƙwallo ba.

Gasar ta kusa mutuwa. 'Yan Malam Madori suka ce ba za su shiga abin da ake raba kofi a kan tebur ba. Malam Auta ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan kekensa yana ba da baki, ya sa aka zartar cewa duk wasa a gama shi kafin saukar ruwa, kuma ba mai kuɗin da zai ƙara zama a taron shirya gasa. Ya zo rumfa ya ce Haladu ya dawo a ci gaba. Haladu ya ce aiki ya yi masa yawa. Kwarin Buba ba su dawo ba sai bayan shekaru, lokacin da yaran farko duk sun yi aure. Yakubu bai ƙara buga wasan gasa ba, ya bi shanun kawunsa kudu, can ya zauna.

Haladu ya daina karɓar aiki a hayin kogi. In an zo kiransa ya ce gwiwa. Yana zaton shi da Ja'afar sai a lahira. Amma da rani ya kama, wata safiya ya ɗaga kai ya gan shi yana sauke inji daga bayan keke.

"Salamu alaikum. Ya iyali? Ya Shamsiyya?"

Haladu ya amsa, ya jawo masa benci, ya durƙusa gaban injin. Can ya ce, "Ja'afar, maganar ranar nan..."

"Duba mini shi da wuri," in ji Ja'afar, "albasata na shan rana. Ina jin kabireta ce."

Kabiretar ce kuwa. Ya gyara, ya ce a bar kuɗin. Ja'afar ya ajiye su a kan benci, ya ɗaure injinsa, ya ce Inna na gaisuwa. Haka suka ci gaba shekara da shekaru. Ja'afar bai taɓa kai injinsa wajen wani ba, bai kuma taɓa barin hira ta kai ga ƙwallo ba. Su yi maganar taki, da tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa, da ciyawar kacalla da ta toshe magudanai. Da Inna Zinariya ta rasu, Haladu ya shirya zai je gaisuwa, ya kai har mashigi, ya tsaya yana kallon masu fito, ya juyo. Shamsiyya ce ta je ita da maƙwabciyarta.

Yau Gasar Fadama ta girma. Ƙungiyoyi sun yi yawa har an raba su rukuni-rukuni, yara na da takalma, ana sa sakamako a waya kafin 'yan kallo su isa gida. Masu shirya ta yanzu ba a haife su ba lokacin da aka fara, ko suna goye. Sun san dai Baba Haladu na cikin waɗanda suka kafa, don haka duk shekara sai sun kawo masa katin gayyata, sun ce akwai kujerarsa. Yakan yi godiya ya sa musu albarka. Wani lokaci yakan je, amma can bayan raga yake tsayawa wajen masu sayar da rake, ya bar wurin kafin a tashi.

Shekarun baya kaɗan aka yi babbar ambaliya, ruwa ya shiga Kwarin Buba har cikin ɗakuna. Mutanen suka fito Haɗejiya da abin da suka iya ɗauka, aka sauke su a wata makaranta. Haladu na jin labari ya rufe rumfa ya tafi. Ya sami Ja'afar a baranda, gemu ya yi fari, yana zaune kan buhun da ya tsira da shi, jikoki kewaye da shi.

Bayan jaje Haladu ya ce, "Ɗakin soro na nan ba kowa, ga na yara sun yi aure sun bar shi. Ka taso da iyali mu tafi gida. Don Allah."

Ja'afar ya daɗe yana dubansa. Sannan ya yi murmushi.

"Na gode, Haladu. Allah ya saka. Amma ka ga jama'ata duk suna nan, in na tafi na bar su ba daɗi. Mun fi so mu zauna wuri ɗaya."

"Ko matan da yara kawai."

"Suna lafiya a nan. Allah ya bar zumunci."

Haladu ya dawo gida a hankali, gwiwar na damunsa. Ya gaya wa Shamsiyya yadda suka yi, ya tambaye ta ko a ganinta don jama'ar ne da gaske, ko kuwa don wani abu ne daban. Ta ce ita ba ta shiga zuciyar mutum ba. Ta tashi ta ɗora babbar tukunya, kuma tun daga ranar har ruwa ya janye kullum sai ta kai abinci makarantar da kanta, ta zauna cikin matan su yi hira. Matar Ja'afar ta riƙa dawo da kwanukan a wanke.

Da ƙasa ta tsane suka koma ƙauyensu. Injin Ja'afar ya kwana cikin ruwa, laka ta cika shi, ya aiko babban ɗansa da shi a bayan babur. Haladu ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke, ya canja abin da ya ruɓe. Da saurayin ya zo ɗauka ya ce, "Baba ya ce a gaishe ka, wai in ka samu hali ka leƙo ka ga yadda ruwa ya yi mana."

"Ka ce ina amsawa," in ji Haladu. "Ka ce in gwiwa ta yi sauƙi."